Waƙar Da Ba Ta Shiga Kwafin Ajiya Ba

Akwai wani mutum mai suna Gwak Tae-ung a birnin Daegu na Koriya ta Kudu. Shi da matarsa Seon-hwa suna da ɗan kamfani mai kula da shafukan intanet na jama'a. Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon miyar taliya.

Tae-ung gwani ne, babu mai musun wannan. Matsalarsa ita ce ya san shi gwani ne, kuma ba ya ƙaunar tsohon abu ko a mafarki.

Cikin masu hulɗa da su akwai wani dattijo, Pyo Man-seok, wanda suke kira Baba Pyo. Yana saurayi aka gina madatsar ruwa, ruwa ya shanye ƙauyensu, mutanen suka watsu uwa duniya. Da ya ajiye aikin koyarwa, sai ya buɗe shafi da sunan ƙauyen. A nan 'yan garin ke saka tsofaffin hotuna, a nan suke jin wa ya rasu, jikar wa ta yi aure.

Manhajar da ke tafiyar da shafin ta tsufa tukuf. Waɗanda suka ƙirƙiro ta sun daina gyara ta tun 'yar su Tae-ung, Dasom, tana goye, ga shi yanzu tana sakandare. Seon-hwa ce ke lallaɓa ta. Ta toshe nan, ta ɗaure can, kuma duk ranar Juma'a kafin ta tashi daga aiki sai ta ɗauki kwafin shafin ta adana a wani wuri daban.

Baba Pyo kuwa ba ya gajiya da kiran waya. Yau ya manta kalmar sirri, gobe hoto ya fito kai a ƙasa.

"Maman Dasom, saurayinki ne," in ji Tae-ung duk lokacin da wayar ta yi ƙara. "Ki gaya masa manhajar nan ta girme ni."

"Ƙarya kake, Baban Dasom. Furfurarka ta fi tata yawa."

Tae-ung yana da gaskiya a abu ɗaya: tsohuwar manhaja gida ce da ba ƙofa, ɓarayin intanet na iya shiga ko yaushe. Ya sha gaya wa dattijon a mayar da shafin kan sabuwa. Amsar ba ta canzawa.

"Ɗana, yatsuna sun san inda komai yake. An tashe ni daga gida sau ɗaya, kada ka sake tashe ni."

Seon-hwa ta ce a bi shi a hankali, zai yarda. Tae-ung ya ce haƙurinta ne ke sangarta shi.

Ana saura kwanaki kaɗan bikin kaka na Chuseok, lokacin da 'yan ƙauyen ke haɗuwa a bakin tafkin da ya shanye garinsu su tuna da kakanninsu da suka rasu, mahaifiyar Seon-hwa ta kwanta asibiti a garin Pohang. Seon-hwa ta tafi jinya ranar Talata da safe.

Tae-ung ya dubi kujerarta babu kowa, ya ce a ransa yau rana ta yi. Zai kwashe shafin zuwa sabuwar manhaja, in dattijon ya ga kyansa ai bakinsa zai mutu.

Kafin irin wannan aiki akan ɗauki sabon kwafi, domin in abu ya lalace a mayar da komai yadda yake. Tae-ung ya san haka sarai, shi ke koya wa wasu ma. Amma hotunan suna da yawa, kwafin zai ci lokaci, shi kuma yana so ya gama kafin azahar. Ya ce, "Na yi irin wannan ba adadi," ya danna.

Aikin ya kai rabi ya tsaya cak. Sabon bai hau ba, tsohon kuma ya riga ya goge. Ya buɗe shafin, sai fari fat kamar an shafe allo.

Ya gwada duk dabarar da ya sani, babu. Wayar ofis ta fara ƙara, ya ga sunan Baba Pyo, ya kasa ɗauka. Daga ƙarshe ya kira matarsa.

Ta saurare shi har ya gama. Ya jira faɗa, bai zo ba.

"Ka ci abinci?" ta tambaya.

"Wane abinci, Maman Dasom? Na kashe garin mutane!"

"Ba ka kashe ba. Kwafin Juma'a yana nan. Ka mayar da shi, sannan ka tashi ka je gidan Baba da ƙafarka. Kada ka gaya masa ta waya."

Kafin la'asar shafin ya dawo da tsohuwar fuskarsa. Tae-ung bai taɓa ganin abin da ya yi masa kyau kamar wannan mummunan shafi ba. Ya sayi kwalin tuffa, ya nufi gidan dattijon, ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ba.

Baba Pyo ya saka tabarau, ya duba shafin a hankali. Can sai ya ɗago.

"Ina waƙar Yaya Bok-rye?"

Ashe ranar Lahadi ya je gidan kula da tsofaffi, wurin Nam Bok-rye, tsohuwar da ta rage ita kaɗai cikin masu iya waƙar dashen shinkafa ta ƙauyensu. Shekaru yana roƙonta tana ƙi, sai ranar ta yarda. Ya ɗauki muryarta a waya, ya saka a shafi. Kwafin Juma'a bai san da ita ba.

"Baba, ai tana cikin wayarka," in ji Tae-ung da sauri.

"Na goge. Wayar ta ce ta cika. Na ce ai na kai ta inda abu ba ya ɓata."

Bai ɗaga murya ba, bai zage shi ba. Da ya zage shi da ya fi sauƙi.

Washegari Tae-ung ya rufe ofis, ya ɗauki na'urar ɗaukar murya, ya tuƙa dattijon zuwa gidan tsofaffin. Suka tarar da Iya Bok-rye a bakin taga, 'yar ƙarama kamar tsuntsuwa, ta haura tasa'in amma idonta garau.

Ta ji labari, ta dubi Tae-ung sama da ƙasa.

"Kai ne ka zubar min da waƙa? Ƙato da kai, ga gemu, ba ka san a rufe tukunya kafin a ɗauke ta ba?"

"Na yi kuskure, Iya."

"To ba na waƙa da yunwa. Ɓare min lemon can."

Ya ɓare. Ta ce ya gyara mata matashi, ya gyara. Ta tambaye shi sunan matarsa, da abin da ta gani a jikinsa ta aure shi. Ta ba shi labarin rijiyar ƙauyensu, ta koma kan wata saniya da ta taɓa tunkuyin Baba Pyo yana yaro. Rana ta yi nisa, waƙa ba ta zo ba. Mutumin da bai iya jiran kwafi ya gama ba, yau ga shi zaune a ƙasa yana jira, kuma ga mamakinsa bai ƙosa ba.

Sai kawai ta rufe ido ta fara. Muryar tana rawa, amma ba ta karye ba. Ta wuce inda ta tsaya ranar Lahadi, ta shiga wasu baitocin da Baba Pyo bai sake ji ba tun yana bin mahaifiyarsa gona. Dattijon ya cire tabarau yana share fuska.

Da ta gama ta ce, "Rannan Man-seok na ta duba waya ko tana ɗauka, shi ya sa na gajarce. Kai kuwa ka zauna."

A hanyar dawowa Baba Pyo ya ce, "Sabuwar manhajar nan taka, za ka iya sa ta yi kama da tsohuwar?"

"Zan iya, Baba. Amma ba zan taɓa komai ba sai kana zaune kusa da ni."

Haka aka yi. Bayan biki suka yi aikin a hankali, Seon-hwa na ɗaukar kwafi kafin kowane mataki, tana tsokanar mijinta wai ko ta ɗaure masa hannu. Baba Pyo ya ba da labarin kamfanin su Tae-ung a shafin, 'ya'yan 'yan ƙauyen masu shaguna da asibitoci suka riƙa kawo musu aiki.

Da sanyi ya shigo, wata mata ta kira ofis. Ta ce ita 'yar Iya Bok-rye ce, mahaifiyarta ta rasu.

"Kafin ta tafi ta yi ta cewa a tambayi yaron nan mai gaggawa, ya ajiye mata waƙarta da kyau?"

"Na ajiye," in ji Tae-ung. "Tana shafi, tana ofis, tana gidana..."

Seon-hwa ta karɓi wayar da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta ɗora a kafaɗarsa.

Darasi: Gwaninta ba ta hana kuskure, kuma sauri ya haifi nawa. Kafin ka taɓa abin da wani ya ba ka amana, ka tanadi hanyar komawa baya. In kuma ka ɓata, ka je da ƙafarka ka gyara. Ku yi haƙuri da tsofaffinku, abin da kuke gani tsohon yayi wataƙila shi ne gidan da ya rage musu. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman wanda hotunan iyayensa ke cikin waya ɗaya tak.