Koren Layin Da Ya Yi Wa Usta Shaukat Sauka

Akwai wani matashin injiniya a garin Tanta mai suna Wa'il, wanda sana'arsa haɗa shafukan intanet. Shi da abokiyar aikinsa Narmin suka gina wani shafi da dangi ke raba saukar Alƙur'ani idan an yi musu rasuwa. Kowa ya ɗauki juzu'i ɗaya ya karanta a wayarsa, idan ya gama sai ya danna wani maɓalli da aka rubuta wa, "Na karanta, Allah ne shaidata."

Wata rana Wa'il ya ƙara wani siririn layi a saman shafin, mai cika daga dama zuwa hagu gwargwadon yadda mutum ya ja rubutun. Har nan babu laifi, mai karatu ya san inda ya kai. Amma sai ya cire maɓallin. Da zarar layin ya kai ƙarshe sai ya zama kore, shafin ya rubuta da kansa cewa wane ya gama.

Narmin ta ce, "Injiniya, layin nan yatsa yake aunawa, ba harshe ba. Bar shi ya nuna wa mutum inda ya tsaya, amma kada ya yi wa kowa shaida."

"To, Malama ta hau mumbari," in ji Wa'il. "Mutane kore suke son gani. Ke dai sha shayinki kafin ya huce."

Haka aka bar shi. Saukar da a da take ɗaukar makonni ta koma ƙarewa kafin a naɗe tabarmin makoki. Shi kuwa har da ƙafafa, wai ya sa mutane sun kama ibada. Abin ƙyama, bai taɓa tambayar kansa yadda aka yi jama'a suka koyi saurin karatu haka ba.

Ana nan sai mahaifinsa, Usta Shaukat tela, ya rasu.

Mahaifiyarsa Hajja Ihsan ciwon suga ya cinye mata ido, ba ta iya ganin rubutu. Abu ɗaya ta roƙa: a sauke wa mijinta Alƙur'ani kafin ranar arba'in. Wa'il ya raba juzu'ai ga dangi a shafinsa. Kullum da safe sai ta tambaye shi, "Ɗana, ina aka kai?" Ya ce, "Umma, kusan duk sun yi kore." Sai ta ɗaga hannu ta yi ta sa wa dangi albarka, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu.

Ana gobe arba'in, juzu'i ɗaya ya rage, na Midhat, ɗan ƙanin marigayin. Wa'il ya same shi a gidan shayi shi da abokinsa Isam suna buga tawla, wani wasan allo da ƙwayoyi, tiyon shisha a bakinsa.

"Midhat, kai kaɗai ka rage. Gobe fa ne."

"Haba ɗan'uwa, a kan wannan ka taso? Miƙo mini wayata."

Bai ma ajiye tiyon ba. Ya buɗe shafin, ya sa babban yatsa ya ja, ya ja, ya ja, idonsa na kan allon wasa. Ayoyi suka yi ta wucewa a guje. Layin ya cika, ya zama kore.

"Shi ke nan. Allah ya jiƙan Baffa. Kai Isam, wasanka ne, daina ƙifta ido kamar mage."

Wa'il ya ce, "Me ka yi yanzu?"

"Abin da kowa ya yi mana. Goggo Su'ad a layin burodi ta yi nata. Ai kai muke yi wa addu'a, ka hutar da mu. A da sai mutum ya rantse da Allah, wa zai iya? Yanzu kuwa wayar ce ta faɗa, ba ni ba."

Ku ji fa! Mutumin da marigayin ya ɗinka wa kayan angonci kyauta.

Wa'il ya koma gida. Ya tarar da Hajja Ihsan zaune a kicin tana tsince shinkafar sadaka da lalube, ƙamshin romon nama ya cika gidan.

"An gama?"

Yana iya cewa e, shafin ma haka ya nuna. Ya durƙusa a gabanta ya gaya mata komai, har da gargaɗin Narmin da ya yi wa dariya.

Ta daina tsince shinkafar. Sannan ta ture tiren gefe.

"Wato ni ina nan ina sa wa yatsu albarka. Ɗauko Alƙur'anin babanka a kan keken ɗinki. Fara daga Fatiha, da ƙarfi. Idona ne ya mutu, kunnena na nan."

Ya karanta har muryarsa ta dushe, bai kai ko rabi ba.

Washegari dangi suka cika gida, an zo cin fatta, abincin sadakarsu na shinkafa da burodi da romon nama. Hajja Ihsan ta sa an aro juzu'ai na takarda daga masallacin unguwa, ta zauna da su a bakin ƙofa. Midhat ya shigo yana shafa ciki.

"Goggo, ƙamshin nan tun daga titi!"

Ta laluba ta damƙa masa juzu'i a hannu. "Tukunya ba za ta buɗu ba sai na ji naka da kunnena. Zauna kusa da ni, idan ka tsallake aya zan sani."

Ranar sai bayan la'asar aka ci abinci, ya huce, kitse ya daskare a kai. Amma an sauke wa Usta Shaukat Alƙur'ani.

Narmin ta mayar da maɓallin, layin ya koma aikinsa na nuna wuri kawai. Sai dai sauran gidajen da aka nuna wa kore fa? Wa'il bai aika musu da ko kalma ɗaya ba, wai kada sunan shafin ya ɓaci. Gyara a ɓoye ba ya wanke wannan. Haƙƙinsu ne a gaya musu, gida gida, a ba su haƙuri.

Darasi: Kada ka ƙera abin da zai ɗauke wa mutane nauyin faɗin gaskiya da bakinsu, domin wata rana a gidanku za a yi amfani da shi. Idan kuma ka cuci jama'a, ka fito ka faɗa musu. Ku tura wannan ga duk mai haɗa shafuka da kuka sani, da duk wanda ya karɓi juzu'in mamaci bai karanta ba.