Tsagar Hansai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

An yi wata amarya ana ce mata Hansai, aka kai ta aure wani gari mai nisa. Mijinta Bawa bafatake ne, ba ya zama. Rannan ta je rijiya, sai ta ji wata tana tambayar wata:

"Wai wa ya yi wa amaryar nan huɗa a fuska? Gero za a shuka?"

Aka kwashe da dariya. Hansai ta ɗauki tulunta rabin ruwa ta tafi.

To, tsagar gidansu ce: uku a kuncin dama, uku a na hagu, da 'yar ƙarama a goshi. A garin nan kuwa ba a tsaga. Innarta makauniya ce, da wannan tsaga take gane ta. Ta shafa ta ce, "Uku nan, uku nan, ɗaya a sama. Hansaina ce."

A hanya, gindin wata tsamiya, sai ga Hawainiya da 'yar kwalbar mai.

"Amarya, kuka? Dube ni. Yau kore, gobe ja. Fata ai riga ce. Zauna in goge miki."

"Me zan ba ki?"

"Ko anini. Abin da na goge dai, nawa ne."

Hansai ta zauna. Hawainiya tana shafa kuncin dama tana cewa, "Ba ni labarin gida mana." Tun da aka kawo Hansai ba wanda ya taɓa tambayarta gida. Ta yi ta zuba. Ta faɗi yadda Inna ke son fura ba tsami, da yadda ake fitar mata da tabarma hantsi. Kunci ya yi sumul.

Kashegari ta koma, aka goge na hagu. Ta faɗi waƙar da take yi wa Inna in tana tsefe mata kai. Hawainiya ta ce, "Sake yi in ji." Ta sake.

Rana ta uku saura ta goshi. Hansai ta dafe wurin.

"Wannan kam a bar mini."

"Haba amarya, a share ɗaki a bar bakin ƙofa?"

Ta sauke hannu. Aka goge.

"Abin da na goge, nawa ne," in ji Hawainiya, ta haye tsamiya.

Hansai ta je rijiya da sabuwar fuska. Matan suka dube ta, wata ta ce, "Ashe ma kunnuwan ne manya." Bawa ya dawo daga fatauci, ya ci tuwo, ya ce miya ta yi gishiri. Bai ga an rage komai ba.

Da shekara ta kewayo ta tafi ganin gida. Tun daga zaure ta jiyo waƙarta, da muryarta. Ta leƙa. Ga Inna a tabarma cikin hantsi, ga wata mace tana tsefe mata kai, da tsaga a fuskarta, uku nan, uku nan, ɗaya a sama.

"Inna, ni ce."

Inna ta juyo. "Ikon Allah, murya kamar ta Hansai. Matso, 'yar nan."

Ta durƙusa. Yatsun Inna suka bi kuncin dama, suka bi na hagu, suka hau goshi, suka daɗe suna nema.

"Sannu baƙuwa. Daga ina?"

Hansai ta buɗe baki za ta faɗa, sai Inna ta ci gaba:

"Kin ganni nan, da ni kaɗai ce, sai in wuni ban yi magana da kowa ba. Sai ga 'yata ta dawo, ta ce ba za ta ƙara barina ba. Har ƙiba na yi. Hansai, dama wa baƙuwa fura."

Ashe Hawainiya ce ta rikiɗa. Ta dama, ba tsami. Ta miƙo ƙwarya, ido ɗaya na kallon Inna, ɗaya na kallon baƙuwa.

Hansai ta duba kitson Inna, tsaf. Ta duba randa, cike. Ta tuna jibi za ta koma gidan Bawa, tabarmar nan kuma ba mai fitarwa.

Ta sha furar. Ta ce, "Inna, ɓatan hanya na yi. Allah ya bar ku tare."

"Amin, 'yar nan. Ki gai da mahaifiyarki."

Ta kama hanya ita kaɗai, tana shafa kumatunta. Kafin ta kai tsamiya ta yanke shawara: ba Bawa, ba matan rijiya, ba wanda zai ji wannan magana daga bakinta.

Ku yara, kafin ku goge abin da wasu ke yi wa dariya, ku tuna wanda yake gane ku da shi.

Ƙurunƙus, kan hawainiya.