Na-Gane Ya Kama Layin Jirgin Aba

A unguwar Abbaganaram ta Maiduguri akwai wani mai sayar da bandar kifi, sunansa Abdulwahab, amma ko matarsa Yagana ta kusa mantawa da sunan. Kowa Na-Gane yake ce masa. Ba ya bari mutum ya kai ƙarshen magana. Kana buɗe baki zai ce "Na gane," ya kaɗa riga ya yi gaba. Ko a zaune yake, ƙafarsa rawa take kamar ta mai keken ɗinki.

Babbar mai sayen kifinsa wata Madam Nkiru ce a Aba, shekara goma sha biyu suna tare. Da damina ta bugo waya: za ta aurar da 'yarta, tana son katan arba'in kafin Asabar ta sama. Ƙaninta Boniface, mai shagon kayan mota a Moduganari, ya kama masa wuri a motar kaya da za ta tashi Talata.

Ranar Litinin Na-Gane ya biyo ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa, wadda ta yi shekaru ba a ji kukan jirgi a cikinta ba. Sai ya ga mutane da riguna masu ƙyalli suna sare ciyawa, wani kuma yana sabunta fentin allo: Maiduguri, Buni Yadi, Bajoga, Gombe, Bauchi, Kafanchan, Makurɗi, Inugu, Aba, Fatakwal. Da idonsa ya sauka kan Aba, sai ƙafar ta fara rawa.

A kan benci ya tarar da Ba Kashim, tsohon mai yankan tikiti, wanda ya yi ritaya amma kullum nan yake zuwa shan iska.

"Wushe, Ba Kashim. Jirgi ne zai dawo?"

"To, ɗana, ana maganar zai dawo, amma ka san..."

"Na gane. Fasinja yana shiga da kayansa?"

"A zamaninmu har da akuya. Sai dai yanzu..."

"Na gane."

Ku kun san yadda muke a garin nan. Layin famfo, jarka ake ajiyewa. Layin mai, babur ake jinginewa. Wanda kayansa suka riga, shi ya riga. Na-Gane ya ce a ransa, gobe duk 'yan kasuwar kifi za su cika wurin nan, gara ya zama na ɗaya. Kafin la'asar ya sa 'yan baro sun jera katan arba'in a bakin tagar tikiti.

Talata da safe Boniface ya kira. "Alaji, direba yana jira. Ina kaya?"

"Ku tafi, Oga Boni. Ni jirgi zan bi. Ba ramuka, ba shingen hanya, ba mai huda min katan."

"Wane jirgi? Ka ga..."

"Na gane." Ya kashe waya.

Yagana ta kawo masa abinci tasha, ta tsaya tana kallon rufin da rana ke leƙowa ta cikinsa. Ta ce, "Baban Rahmat, kai kaɗai ne mai wayo a Maiduguri? Ina sauran 'yan layin?"

"Barci suke. Za ki ga."

Bai zauna ba. Ya je ƙarshen dandamali ya leƙa, ya dawo, ya ƙirga katan, ya koma. Ya durƙusa ya kara kunne a ƙarfen dogo, ƙarfen ya ƙona masa kunne. Tirela ta yi ham a titi, ya zabura ya ɗauki jaka. Magunan unguwa kuwa su ne suka fara bin layi a bayansa, har da masu ciki.

Laraba ruwa ya sauko. Rufin nan kamar rariya. Katan suka jiƙe suka kwanta kan juna. Alhamis rana ta buɗe, wari ya tashi, har masu saran ciyawa suka ɗaura ƙyalle a hanci suka koma can gefe.

Na-Gane ya kasa daurewa. Ya ce tunda jirgi ya ƙi zuwa, shi zai je ya tare shi. Ya kama bin dogo a ƙafa, yana sauri yana tsaki. Bai yi tafiyar rabin awa ba sai ga darbejiya tsaye a tsakiyar layi, tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kaurinta mutum ɗaya ba zai rungume ba. A inuwarta wani wanzami yana yi wa mutum aski.

"Malam, jirgi ta nan zai bi?"

Wanzamin ya ɗaga kai ya kalli bishiyar, ya kalle shi. "In zai hau sama, eh. Zauna in rage maka suma, ka ga kana da lokaci."

Na-Gane ya juyo a hankali, karo na farko a rayuwarsa. A tasha Ba Kashim yana kan bencinsa, ya toshe hanci da bakin rawani.

"Ba Kashim, me ka so ka faɗa min ran nan?"

"Au, yau kana da kunne? Cewa zan yi awon hanya suka zo yi. Sai sun auna, sun rubuta, sun kai can sama an duba. Ni da na ba jirgin shekara talatin ban sa rai da bana ba."

Asabar aka yi biki a Aba da kifin wani. Madam Nkiru ba ta yi faɗa ba. Da Na-Gane ya kira ta zai yi bayani, ya fara, "Madam, abin da ya faru..." sai ta ce, "Na gane, Alaji," ta kashe. Ba ta ƙara kiransa ba.

Darasi: jama'a, a bar mai magana ya sauke kayansa kafin a ɗauka. Sau da yawa abin da zai cece ka yana bayan "amma", ga shi kai ka riga ka kai bakin titi. Kuma ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu: motar da ke tsaye a gabanka ta fi jirgin da ke kan allo.