Ruwan Tasar Sarki Matiyas

Ranar Alhamis, sha shida ga Afrilu, 1987, ana saura kwana uku Ista, gari ya waye da zafi, hadari yana haɗuwa ta gabas. Malama Kaziya tana zaune da wasiƙa a cinya. Ta rubuta wa yayanta Filibus, shugaban dattawan ikilisiya, cewa ba ta yarda a tashi gwauraye huɗu daga filin majami'a don a gina masaukin manyan baƙi ba. Kwana uku ta kasa aikawa, don ba ta taɓa ja da shi ba. Sai ta tuna hikayar da babansu yakan karanta musu daga wani tsohon littafi marar bango.

An ba da labari cewa a wata ƙasa ta bayan hamada an yi wani sarki mai bin Almasihu, sunansa Matiyas. Kowace shekara, ranar Alhamis kafin Ista, yakan tuɓe alkyabba, ya durƙusa ya wanke ƙafafun matalauta goma sha biyu, kamar yadda Ubangiji ya yi wa almajiransa. Wanda aka wanke wa ƙafa yana da izinin faɗin kukansa, ba mai hana shi. Wanda ya shigo ba gayya kuwa, korarsa ake yi daga gari.

Waziri Tanimu ne ke zaɓo mutanen. Shi kuwa ya kewaye rijiyar unguwar kutare da katanga, ya mai da ita ta lambunsa. Don kada maganar ta fito, sai ya riƙa kawo barorinsa cikin tsumma, an goge musu ƙafafu tun a gida. Kukansu ɗaya ne kullum: "Allah ya ja zamanin sarki."

Akwai wata mai fataucin gishiri, Damaris, wadda kutaren nan suka shekara goma suna shayar mata da jakuna. Da aka toshe rijiyar, ta riƙa yi musu jigilar ruwa daga rafi mai nisa, har ƙafafunta suka yi faso. Ranar wankin ta shiga fada, ta zauna a ƙarshen layi.

Waziri ya ce, "Ke, tashi! Kujeru sha biyu ne."

Ta ce, "Ai a ƙasa na zauna, ranka ya daɗe."

Sarki ya ɗago kai. "Baiwar Allah, kin san hukuncin wannan?"

"Na sani, zaki. Jakunana suna ƙofar gari da kayansu. Kallo na zo. An ce mini a fadarka akwai ruwan da ke wanke ƙafa ashirin da huɗu bai gurɓace ba."

Sarki ya dubi tasar da yake wanke ƙafafun a ciki. Ruwa garau, har yana ganin fuskarsa.

Damaris ta ce, "A garinmu an yi wani mai magani da ba ya shiga sai gidan masu lafiya. Ya tsufa yana alfahari ba wanda ya taɓa mutuwa a hannunsa."

Sarki ya ja tasar da gwiwa har gabanta, ya kama ƙafarta. Nan take ruwa ya koma ja. Sa'an nan ta faɗi kukanta, waziri yana tsaye yana ji.

An ce a ranar aka rushe katangar. Sarki ya sa waziri jan guga a rijiyar har shekara, ya kuma ba Damaris zaɓen mutanen. Tun daga nan ba a ƙara zubar da ruwa mai tsabta daga tasar ba. Ubangiji bai durƙusa don a yaba masa ba, ƙafafun da ya wanke masu ƙura ne.

Malama Kaziya ta buɗe wasiƙar, ta ƙara layi ɗaya a ƙasa: "Yaya, yau Alhamis ce. Ka duba ruwan tasarka." Ta ɗauki laima, ta taka zuwa gidan waya, ta manna kan sarki, ta jefa ta cikin akwati.