Layin Da Ya Fito Daga Gareji

Vernon Haskell maƙwabcina ne a garin Duluth, kuma ban taɓa ganin mai girman kai irinsa ba. Ya iya aikin hannu, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma a wurinsa duk wanda ya kira mai gyara gidansa ba cikakken namiji ba ne.

Wata shekara ya sayo hitar ruwa ta lantarki, irin marar tankin nan mai dafa ruwa nan take. Abar akwai cin wuta, layi uku take buƙata. Akwatin wutar da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa gurbi biyu suka rage masa. Sai gogan naka ya ja layi biyu daga nan, na ukun ya jawo shi daga akwatin wutar garejin motarsa.

Matarsa Darlene ta ce, "Vern, don Allah ka kira masu aikin su duba."

"Su duba me? Ina haɗa waya tun ba a haife su ba."

Na ce, "To ko rubutu ka manna a jikinta, kowa ya san ta wuri biyu wuta ke shigarta."

Ya kwashe da dariya. "Ji mai magana! Kai da ko ƙwan fitila matarka ke canza maka? Gidana ne, malam. Ni ne rubutun."

Da lokacin farautar barewa ya zo, Vernon ya tafi daji inda waya ba ta shiga. Yana can hitar ta soma yoyo. 'Yarsu tilo, Colleen, ta zo ganin uwarta, ta ce, "Kwantar da hankalinki, Mama, ni fa 'yar Baba ce."

Tun tana ƙarama ya koya mata: a kashe wuta kafin a taɓa. Haka ta yi, baiwar Allah. Ta sauka ɗakin ƙasa, ta kashe makunnan hitar guda biyu da ta gani, ta cire murfi tana tsaye cikin ruwa, ta sa hannu. Layin gareji yana nan da ransa. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa.

Ina wurin da Vernon ya dawo, barewa ɗaure a bayan mota. Darlene ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce, "Ka ce kai ne rubutun. To ina kake?"

Wallahi har yau in na tuna, raina ɓaci yake. Yanzu ba makunnin da bai manna wa takarda ba a gidan, har na fitilar banɗaki. Ba mai karantawa, don Darlene ta koma wurin ƙanwarta.

Darasin shi ne: aikin da kai kaɗai ka san sirrinsa tarko ne ka ɗana wa naka. Wuta ba ta san mai gida ba, ba ta san 'yarsa ba. Ka bar wa masu sana'a sana'arsu, ka kuma ji shawara tun tana da amfani, domin da na sani ƙeya ce.