Wata na Ashirin da Uku

Akwai wani tsohon manomi wanda matarsa, Rifkatu, ta rasu ran ashirin da uku ga watan Maris. 'Ya'yansa duk suna birni. A ikkilisiyarsu kuwa, in ranar rasuwar wani ta zagayo, dattawa sukan je su yi addu'a tare da wanda aka bari.

Da ranar ta zagayo, tsohon ya share tsakar gida, ya shimfiɗa tabarmi uku, ya sa aka dama kunun tsamiya. Ya zauna yana kallon ƙofa har kunun ya huce, ba wanda ya leƙo. Shekara ta biyu tabarma ɗaya ya shimfiɗa. Ta uku ko tsintsiya bai taɓa ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kaɗaici ya ishe shi.

Ran nan ya dogara sanda ya tafi wurin sakataren ikkilisiya, ya ce, "Ɗana, share sunana daga littafin ikkilisiya. Na ga ba a bukatata."

Sakataren ya ce, "Baba, wa ya isa? Zauna tukuna."

Kowace Asabar sakataren yakan tambayi kwamfuta sunayen waɗanda ranarsu ta zo, ya miƙa wa dattawa. Da ya bincika, ga sunan tsohon nan, ga ranar an shigar da ita kamar rubutu kawai: 23/03. Ita kuwa kwamfutar, in za ta juya rubutu ya zama kwanan wata, wata take fara karantawa kafin rana. Ta nemi wata na ashirin da uku ta rasa, sai ta bar gurbin ba komai, ta tsallake shi, ko uffan ba ta ce ba.

Sakataren ya ce, "Baba, ba ƙin ka aka yi ba. Na'urar ce ba ta gane ranar ba."

Tsohon ya ce, "Na'ura ba ta san Rifkatu ba, ɗana. Ku kuka ɗauki akwatin gawarta."

Ma'anar wannan misali ita ce: gyara kwamfuta aikin minti biyar ne, amma shekara uku ba ta dawowa. Mun iya ɗora wa takarda da na'ura aikin da Ubangiji ya ɗora wa zuciyarmu, in sun yi shiru mu ce kowa lafiya. Shirun ɗan'uwa ba lafiya ba ne. Makiyayi mai kyau yana kiran tumakinsa da sunansu, kuma zumunta a ƙafa take. Akwai wanda ya faɗo maka a rai tun ina cikin magana. In an tashi sujada, gidansa za ka fara zuwa.