Shafin da Gwani Ya Manta

An yi wani mutum, maginin shafukan intanet, wanda abokan aikinsa suke kira Gwani. Shi ya gina manhajar wani babban asibiti, inda jama'a ke duba adireshin kowane sashe da lambar da za su kira idan ta ɓaci. Allah ya ba shi basira, ya 'yan uwa, amma bai gode ba.

Shafuka sittin da uku ne a manhajar. A kowane shafi akwai ɗan akwati mai ɗauke da adireshin sashen gaggawa. Masu wannan sana'a sun san yadda ake yi. Akwati ɗaya ake ginawa a ajiye a wuri guda, kowane shafi ya ɗauko daga can, in an gyara sau ɗaya ya gyaru ko'ina. Gwani ya fi kowa sanin haka. Da gangan ya ƙi. Ya kwafi akwatin da hannunsa ya liƙa sau sittin da uku, ya cakuɗa aikin yadda babu mai gane kansa sai shi. So yake kullum a zo ƙofarsa ana roƙo.

Akwai wata abokiyar aikinsa, teburinta na kusa da taga, suna ce mata Mai Tabarau. Wata rana ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Oga, mu raba aikin nan gunduwa-gunduwa mana. Akwati ɗaya, fom ɗaya, kowa ya ɗauka ya yi amfani. In ka yi tafiya fa?"

Ya yi dariya har da buga tebur.

"Ku ji min ikon Allah! Jiya-jiya kika koyi kunna kwamfuta, yau ke za ki koya min gini? Goge tabaran nan naki, da alama sun yi ƙura."

Ofis ya ɗauki dariya. Ta mayar da kujerarta, ta koma kan aikinta.

Wannan mutum yana da mata da yake so kamar ransa. Shekara shida suna jiran haihuwa, sai ga ciki. Da hannunsa ya yi wa ɗakin jariri fenti, ya haɗa ɗan gado. Tana tsaye a bakin ƙofa tana tsokanarsa: "Injiniya, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo." Mai wannan taushin zuciya a gida, me ya hana shi tausayin dubban mutanen da ke dogara da aikinsa?

Sai asibiti ya mayar da sashen gaggawa sabon gini, can ɗaya gefen gari. Aka ce a gyara adireshi. Gwani ya zauna yana bin shafuka ɗaya bayan ɗaya. Mai Tabarau ta ce ya kawo ta taya shi dubawa, ya ce ba ya son jagwalgwalo. Ya gyara sittin da biyu, ya miƙe ya ce an gama. Wanda ya tsallake shi ne shafin masu juna biyu.

Bayan kwana tara, da rana tsaka, yana cikin taro ya kashe wayarsa, jini ya ɓalle wa matarsa. Ƙanwarsa ce a gidan. Ta kira shi ba ta samu ba, ta buɗe manhajar yayanta, ta shiga shafin masu juna biyu, ta karanta wa direba adireshin da ta gani. Suka tarar da tsohon gini da kwaɗo a ƙofa. Kafin su tsallaka gari, minti arba'in sun wuce.

Likitoci sun ceto uwar. Yaron bai zo da rai ba.

Da ya shiga ɗakin da aka kwantar da ita, ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce, "Shafin nan ba kai ka gina shi ba?"

Ya sunkuyar da kai.

Asibiti ya yi bincike, aka sallami Gwani daga aiki. Mai Tabarau ta warware cakuɗin cikin mako uku, ta gina akwati ɗaya tak. Mutumin da ya rantse ba za a iya ba sai da shi, ga aiki yana tafiya lafiya lau. Matarsa ta koma gidan iyayenta. Ɗan gadon yana nan a ɗaki, ya kasa fitar da shi, ya kasa kallonsa.

Ya 'yan uwa, raina yana ɓaci duk sanda na tuna wannan labari. Kada wani ya ce mantuwa ce. Kowa yana mantuwa, shi ya sa ake tsara aiki yadda mantuwar mutum ɗaya ba za ta kashe kowa ba. Shi ya rushe wannan kariya da hannunsa don a ce masa Gwani. Wannan cin amana ne, kuma girman kai ne ya haife shi.

Kai da ka ƙulle aikin jama'a a cikin kanka don kada a iya ba tare da kai ba, ka san wa zai buɗe shafin da ka tsallake? Gobe ka koma ofis ka warware abin da ka ƙulla, ka nuna wa na kusa da kai.

Allah ya kiyaye mu da ilimin da zai zama shaida a kanmu, ya raba zukatanmu da girman kai. Amin.